Raunin hular kafaɗa ga ƴan wasa: ɗaukar hoto da hanyoyin magani

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bayani ne a kan raunin da ke samun jijiyoyi huɗu masu riƙe kan ƙashin damtse, da irin hotunan da ake ɗauka domin gano shi, da kuma matakan magani. Abin da muke so mu nuna shi ne, yagewar da hoto ya nuna ba ta isa ita kaɗai ta yanke hukunci ba. Sai an haɗa ta da yadda raunin ya samu, da shekarun ɗan wasa, da irin wasan da yake yi, sa'annan a san ko motsa jiki ya isa ko kuwa sai an yi tiyata.

1. Gabatarwa da kalmomin aiki

Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace faɗin motsi a jikin ɗan Adam, kuma wannan sakewa ita ce ke jawo mata rauni. Ɗan wasan da kafaɗarsa ta lalace yana iya rasa gasar shekara guda, yana kuma iya barin fili ɗungum. Kuskuren da ake yi iri biyu ne: ko dai a yi jinkiri ga raunin da ke bukatar ɗinki da wuri, ko kuma a yi gaggawar tsaga kafaɗar da motsa jiki zai iya gyarawa. Dukansu biyu suna farawa ne daga yadda aka karanta hoto.

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu daidaita kalmomi, domin a Hausa kalmar "jijiya" tana ɗaukar ma'ana uku: hanyar jini, da igiyar da ke kai saƙon ji da motsi, da kuma farar igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi. A nan, in muka ce jijiya kawai, ta ukun muke nufi. Ta biyun za mu kira ta jijiyar saƙo. Abin da likitoci masu aiki da Faransanci ke kira coiffe des rotateurs mun ba shi sunan hular kafaɗa, saboda yadda jijiyoyin suka lulluɓe kan ƙashin damtse kamar hula. Ga na'urori kuwa, mun riƙe sunayen da aka saba ji a asibitocinmu: radiyo, watau hoton ƙashi, da ekografi, da sikana, da IRM.

2. Ginin gaɓar

Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, kwarmin da yake zama ciki a jikin allon kafaɗa kuma ƙarami ne marar zurfi. Kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu ne kawai na kan ke taɓa kwarmin a lokaci guda, kamar tulu bisa gammo. Saboda haka tsokoki ne ke riƙe gaɓar fiye da ƙashi.

A bayan allon kafaɗa akwai wani tudu da ya ratsa shi, wanda ƙarshensa ya miƙo ya yi ma gaɓar rumfa. Likitoci na kiran wannan rumfa akromiyon. Tsokoki huɗu ne ke tasowa daga allon. Tsokar saman tudu tana taimakawa wajen ɗaga hannu gefe. Tsokar ƙasan tudu da ƙaramar tsokar da ke ƙarƙashinta suna juya hannu waje. Waɗannan uku suna kama babban ƙullutun da ke gefen kan ƙashin damtse. Ta huɗu tana kwance a cikin allo ta fuskar haƙarƙari, tana kama ƙaramin ƙullutu ta gaba, aikinta juya hannu ciki. Tsakanin rumfa da jijiyoyin akwai wata ƴar jaka mai santsi da ke hana guga.

Babban aikin hular shi ne danna kan ƙashi cikin kwarmi a lokacin da babbar tsokar kafaɗa ke jan hannu sama. In hular ta gaza, kan ƙashin sai ya hau ya tokari rumfa. Jijiyar saman tudu ce ta fi yagewa, musamman kusa da inda ta kama ƙashi. Ernest Codman na birnin Boston ya yi cikakken bayanin wannan a littafinsa kan kafaɗa na 1934.

3. Hanyoyi biyu na rauni

3.1. Raunin farat ɗaya

Shi ne wanda ke zuwa ta faɗuwa ko fizga. Ana ganinsa ga ƴan judo, da ƴan rugbi, da masu sukuwar doki, a wajenmu kuma ga ƴan kokowa da ƴan dambe. Tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, kokowa ta zama wasan da ya fi tara jama'a a Nijar, kuma duk mai kallonta ya san yanayin da muke nufi: ɗan kokowa ya kafa hannu ƙasa domin ya kauce ma kaye, nauyinsa da na abokin karawarsa su sauka bisa hannun, ko kuma a riƙe masa damtse a murɗa shi baya yana turjewa. A irin haka lafiyayyar jijiya na iya ɓallewa daga ƙashi, har da ta gaba mai juya hannu ciki.

Mu lura da gocewar kafaɗa. Ga saurayi ɗan shekara 20, gocewa ta fi ɓalle leɓen kwarmi. Ga wanda ya haura 40 kuwa, sau da yawa hular ce ke yagewa. Duk wanda aka mayar ma kafaɗa, aka yi mako 2 ko 3 bai iya ɗaga hannu ba, to a nemi yagewar hula, kada a tsaya ga zaton mutuwar jijiyar saƙo.

3.2. Raunin zaizaya

Shi ne na masu ɗaga hannu sama suna maimaitawa: ƴan ƙwallon hannu, ƴan ƙwallon raga, ƴan tanis, masu iyo, masu jifar mashi, da masu jifa a wasan besbol na Amurka, waɗanda a kansu aka fi yin bincike. An auna cewa a lokacin jifa damtsen gwanin besbol na juyawa ciki da saurin da ya kai digiri 7000 a daƙiƙa guda. Bayan ƙwallo ya fita, tsokokin baya na hular su ne birki, kuma birkin nan ne ke cinye su sannu a hankali.

Bayani biyu aka yi kan wannan zaizaya. A 1972 Charles Neer na New York ya ce rumfa ce ke gugar jijiya ta sama, ya kuma kawo tiyatar kankare rumfar. A 1986 Bigliani da abokan aikinsa suka kasa rumfar gida uku: miƙaƙƙiya, da tanƙwararriya, da mai ƙugiya. Sai a 1992 Gilles Walch na birnin Lyon ya leƙa kafaɗun ƴan wasa 17 da madubin tiyata, ya nuna cewa ga masu jifa matsewar daga ciki take: in an ɗaga hannu an karkatar da shi baya domin jifa, fuskar ƙasa ta jijiya ce ke matsewa a gefen kwarmi na sama ta baya. Wannan ya sa yagewar masu jifa yawanci ta sashe ce, a fuskar da ke kallon gaɓa, kuma kankare rumfa ba ya taɓa tushenta.

4. Tambaya da gwajin hannu

Ba a fara da hoto. Tambaya uku ke buɗe hanya: yaya ciwon ya fara, wane motsi ke tayar da shi, kuma ƙarfi ya ragu ko bai ragu ba. Ciwon hula yakan sauka a gefen damtse, ya tsananta da dare in an kwanta kan gefen. In ciwo ya wuce gwiwar hannu zuwa yatsu tare da mutuwar jiki, a duba wuya.

Daga nan sai a kwatanta motsin da mutum ke yi da kansa da wanda likita ke yi masa. In shi ya kasa ɗagawa amma likita ya ɗaga hannun har sama, jijiya ko jijiyar saƙo ake zargi. In likitan ma ya kasa, to gaɓar ce ta sandare, abin da ake yawan gani ga masu ciwon sukari.

Kowace jijiya tana da gwajinta. A gwajin Jobe ana ɗaga hannuwa daidai kafaɗa, a ɗan kawo su gaba, babban yatsa na kallon ƙasa, likita ya danna, domin auna jijiyar saman tudu. A gwajin Patte ana ɗaga damtse a lanƙwashe gwiwar hannu, mutum ya juya waje likita na tarewa, domin auna jijiyoyin baya. A gwajin Gerber, wanda aka wallafa a 1991, ana ɗora bayan hannu a tsatso a ce mutum ya janye shi daga jiki, domin auna jijiyar gaba. Gwajin Neer da na Hawkins suna tayar da ciwo ne kawai, ba su faɗin wace jijiya ce. Babu gwaji guda da ya isa shi kaɗai. Haɗuwar rashin ƙarfi da tarihin faɗuwa ita ce alamar da ta fi nauyi.

5. Hotuna

5.1. Radiyo

Radiyo ba ya nuna jijiya, amma da shi ake farawa, domin yana kawar da abubuwan da ke kama da raunin hula. Tsarin da aka saba a makarantar Faransa shi ne hoto uku ta gaba, hannu a tsaye, a juye ciki, a juye waje, sai hoto na huɗu ta gefe da ake kira na Lamy. Abin da ake nema shi ne karayar babban ƙullutu, da gocewa ta baya wadda ake yawan tsallakewa, da taruwar alli cikin jijiya, da tazarar da ke tsakanin rumfa da kan ƙashi. Tazarar nan takan kasance milimita 7 zuwa 14. In ta gaza 7, alama ce ta babbar yagewa da ta daɗe. A ƙasashenmu akwai ƙarin dalili: mai amosanin jini yana iya samun mutuwar kan ƙashin damtse, kuma ciwonta na kama da na hula.

5.2. Ekografi

Ekografi ita ce na'urar da ta fi dacewa da halin da muke ciki, domin tana da sauƙin kuɗi, ba ta da haske mai cutarwa, ana kuma samunta a wurare da yawa da babu IRM. Tana ba da damar duba jijiya hannu na motsi, da kwatanta dama da hagu a zama guda. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta tattara a 2013 ya nuna cewa wajen gano cikakkiyar yagewa, watau wadda ta ratsa kaurin jijiya duka, ekografi da IRM kusan ɗaya suke. Ga yagewar sashe kuwa, dukansu biyu suna tsallake wasu.

Sai dai akwai sharaɗi biyu. Na farko, kan na'urar. Kan da ake awon ciki da shi a ɗakin haihuwa, mai lanƙwasa, mai megahaz 3,5, an yi shi ne domin zurfi, ba ya fitar da zaren jijiya. Kafaɗa na bukatar miƙaƙƙen kai mai megahaz 10 zuwa 15. Na biyu, hannun mai dubawa. Domin a fito da jijiyar saman tudu daga ƙarƙashin rumfa, sai mutum ya kai hannunsa baya kamar mai sa hannu aljihun baya. Kuma in kan na'urar bai sauka daidai bisa zaren jijiya ba, ya ɗan karkata, lafiyayyar jijiya sai ta fito baƙa kamar yagaggiya. Ƙa'ida ita ce kada a rubuta yagewa sai an gan ta a tsaye da kuma a gicce.

5.3. IRM

IRM tana nuna abin da ekografi ba ta kaiwa sosai: leɓen kwarmi, da guringuntsi, da ɓargon ƙashi, da halin da tsoka ke ciki a ƙarƙashin rumfa. A hotunan da ruwa ke fitowa fari, yagewa na bayyana a matsayin farin gibi cikin baƙar jijiya. Ita ma tana da tarkonta. Inda zaren jijiya ya yi kusurwar kimanin digiri 55 da layin maganaɗisu, wasu hotunan na nuna haske alhali babu rauni, kuma wurin ya yi daidai da inda jijiyar saman tudu ke lanƙwasawa. Sai an duba sauran hotunan kafin a yanke.

Ga matashi mai jifa, in ana zargin yagewar fuskar ƙasa ko raunin leɓe, ana zuba ruwan haskakawa cikin gaɓa kafin a ɗauki IRM, wani lokaci hannu a ɗage a juye waje, domin ruwan ya shiga tsagar. Wannan hanya ta fi sauran gano ƙananan yagewa.

5.4. Sikana mai allura

A Faransa da ƙasashen da suka bi makarantarta an daɗe ana amfani da sikana bayan zuba ruwan haskakawa cikin gaɓa. Tana nuna cikakkiyar yagewa da ta fuskar ƙasa da kyau, tana kuma amfani ga wanda ke da ƙarfen da ya hana shi shiga IRM. Amma ba ta ganin yagewar da ke fuskar sama, domin ruwan ba ya kai can, kuma tana da haske mai cutarwa.

5.5. Abin da rahoto ya kamata ya ƙunsa

Rahoton da ya ce "akwai yagewa" ya tsaya nan bai taimaki mai magani ba. Ana bukatar abu biyar. Na ɗaya, wace jijiya ce ko waɗanne. Na biyu, cikakkiya ce ko ta sashe. In ta sashe ce, Ellman ya kasa zurfinta a 1990: ƙasa da milimita 3, daga 3 zuwa 6, sama da 6, wanda ya kai kusan rabin kauri. Na uku, faɗinta: ƙarama ƙasa da santimita 1, matsakaiciya 1 zuwa 3, babba 3 zuwa 5, mai girma ƙwarai sama da 5. Na huɗu, nisan da jijiyar ta janye, bisa matakai uku na Patte: tana kusa da mazauninta, ko ta kai saman kan ƙashi, ko ta koma har bakin kwarmi. Na biyar, kitsen da ya shiga tsoka, bisa ma'aunin Goutallier na 1994: mataki 0 babu kitse, 1 ƴan zare, 2 tsoka ta fi kitse, 3 sun yi daidai, 4 kitse ya fi tsoka. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin tsokar da ta zama kitse ba ta komawa yadda take ko an ɗinke jijiyarta, kuma daga mataki na 3 ɗinki yakan kasa kamawa.

6. Hoto da ciwo ba kullum suke tafiya tare ba

A nan ne jigon maƙalar yake. A 1995 Sher da abokan aikinsa sun ɗauki IRM na mutum 96 waɗanda kafaɗarsu ba ta ciwo. Kashi 34 cikin 100 aka samu da yagewa. Cikin waɗanda suka haura shekara 60, adadin ya kai kashi 54. Cikin ƴan ƙasa da 40 kuwa ba a samu cikakkiyar yagewa ko ɗaya ba. A 1999 Tempelhof a Jamus ya duba mutum 411 marasa ciwo da ekografi, ya samu yagewa ga kashi 13 na ƴan shekara 50 zuwa 59, da kashi 51 na waɗanda suka haura 80.

Ga ƴan wasa ma haka ne. A 2003 Connor da abokan aikinsa sun duba manyan ƴan wasa 20 masu ɗaga hannu, babu mai ciwo cikinsu. Kashi 40 na kafaɗun da suke wasa da su sun nuna alamar yagewa, ɗaya kafaɗar kuwa babu ko ɗaya. Bayan shekara 5 aka sake tuntuɓarsu, babu wanda ya yi ƙorafi ko ya bukaci magani.

Darasi biyu muke ɗauka daga waɗannan alƙaluma. Na farko, ƙaramar yagewa a kafaɗar mai jifa ko ta tsohon ɗan wasa tana iya zama sawun aiki da shekaru, tana nan tun kafin ciwon da ya kawo shi. Na biyu, cikakkiyar yagewa ga ɗan ƙasa da shekara 40 ba abin da shekaru ke kawowa ba ne, rauni ne na gaske, musamman in ta biyo bayan faɗuwa. Hoto iri ɗaya ke nan yana da ma'ana biyu, kuma tarihin mutum ne ke raba su.

7. Magani

7.1. Motsa jiki

Ga raunin zaizaya da yagewar sashe, matakin farko shi ne aikin kine na wata 3 zuwa 6. Ana dakatar da motsin da ke tayar da ciwo, ba tare da an ɗaure hannu ba, domin kafaɗar da aka daɗe ba a motsa ba sandarewa take yi. Aikin yana bin matakai. Da farko a maido da faɗin motsi, musamman juyawa ciki, wadda ke raguwa ga masu jifa saboda ɗaurewar bayan gaɓa. Sa'annan a ƙarfafa tsokokin da ke riƙe allon kafaɗa, domin allon da ke rawa ba ya ba hula wurin tsayawa. Bayan haka a ƙarfafa tsokoki masu juya hannu waje, har da horon birki, watau sakin nauyi a hankali. Daga ƙarshe a gyara jifar kanta. Kibler ya lissafta cewa a bugun farko na tanis kusan rabin ƙarfin daga ƙafafu da gangar jiki yake fitowa, don haka mai raunin ƙugu kafaɗarsa ce ke biyan bashin. Kayan aikin ba su da tsada: robar ja, da sanda, da ƙaramin nauyi.

Ko cikakkiyar yagewa, in ba ta faɗuwa ba ce, tana iya lafawa ta wannan hanya. A wani bincike na asibitoci da dama a Amurka da Kuhn ya jagoranta, aka wallafa a 2013, kusan kashi 75 cikin 100 na masu irin wannan yagewa ba su bukaci tiyata ba cikin shekara 2. Amma mu tuna yawancinsu manya ne, ba ƴan gasa ba.

7.2. Magunguna da allura

Maganin ciwo da na kumburi na ɗan lokaci ne, domin a samu barci a kuma iya motsa jiki. Allurar kortizon ƙarƙashin rumfa tana kwantar da ciwo na wasu makonni, amma maimaita ta na raunana jijiya, kuma yin ta daf da tiyata na rage kamawar ɗinki. Ga ɗan gasa akwai doka: tun 1 ga Janairu 2022 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta hana duk allurar kortizon a lokacin gasa, ko cikin gaɓa ce, sai da izini na musamman. Tun 1 ga Janairu 2024 kuma tiramadol, wanda aka sani da tiramol a garuruwanmu, ya shiga jerin abin da aka hana a lokacin gasa. Ko ba doka, ɗan wasan da ya danne ciwo da ƙwaya ya shiga fili yana ƙara faɗin yagewar ne bai sani ba.

Mutane da yawa kan fara da maɗori, ko ƙaho, ko sakiya. Babbar illar a nan ita ce lokacin da ke wucewa, domin jijiyar da ta ɓalle tana ci gaba da janyewa, tsokarta na zama kitse, ko da ciwon ya lafa.

7.3. Tiyata

Wuri uku ne tiyata ke da hujja mai ƙarfi. Na farko, cikakkiyar yagewa ta farat ɗaya ga matashi ko mai ƙarfi a jika, tare da rashin ƙarfi. Bassett da Cofield sun nuna a 1983 cewa ɗinki cikin mako 3 ya fi kyau. Binciken baya ya ɗan faɗaɗa wa'adin zuwa ƴan watanni, amma kowa ya yarda cewa jinkiri asara ne. Na biyu, ɓallewar jijiyar gaba. Na uku, yagewar da ta ƙi lafawa bayan an yi aikin kine na gaskiya har wata 6. Ga yagewar sashe, al'ada ita ce a share in ba ta kai rabin kauri ba, a ɗinke in ta wuce. Ga masu jifa, likitoci da dama kan ɗaga wannan ma'auni, domin ɗinki na iya rage juyawar waje da jifa ta dogara a kanta.

Yawancin ɗinki a yau da madubin tiyata ake yi, a kafa ƙananan ƙusoshi masu zare cikin ƙashi a ɗaure jijiya. Pascal Boileau na birnin Nice ya samu a 2005 cewa jijiyar saman tudu ta kama sarai ga kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka ɗinke, kuma adadin ya ragu sosai ga waɗanda suka haura 65. Kankare rumfa ita kaɗai kuwa darajarta ta faɗi. A 2018 bincike biyu, ɗaya a Birtaniya ɗaya a Finlan, sun kwatanta ta da tiyatar da aka leƙa kawai ba a kankare komi ba, ba a samu bambanci mai ma'ana ba.

7.4. Komawa fili

Bayan ɗinki ana rataye hannu mako 4 zuwa 6, mai kine ne ke motsa shi. Daga mako na 6 mutum ya fara ɗagawa da kansa, daga na 12 a fara ƙarfafawa. Wasan jifa da na kama-jiki ba a koma masu kafin wata 6, sau da yawa sai an kai 9 ko 12. Kalanda kaɗai ba ta isa ba: sai babu ciwo, motsi ya cika, ƙarfi ya kusanci na ɗaya hannun, an kuma bi jifa ko kamu mataki mataki. Ma'aunin Constant na 1987 yana taimakawa wajen bin ci gaba: maki 100 ne, 15 na ciwo, 20 na ayyukan yau da kullum, 40 na motsi, 25 na ƙarfi.

Ya kamata a gaya ma ɗan wasa gaskiya tun kafin tiyata. Klouche da abokan aikinsa sun tattara bincike da dama a 2016, suka samu cewa kusan kashi 85 cikin 100 na komawa wasa bayan ɗinki, amma cikin ƙwararru da ƴan gasa kusan rabi ne kawai ke komawa matsayinsu na da. Mazoué da Andrews sun bi ƙwararrun masu jifa 12 na besbol da aka ɗinke ma cikakkiyar yagewa, a rahotonsu na 2006 mutum ɗaya ne ya koma babban matsayi.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ba da shawarar wannan tsari ga likitocin ƙungiyoyi da ɗalibanmu. Duk ɗan wasan da ya faɗi ko aka fizge shi, ya kasa ɗaga hannu, a yi masa radiyo nan take. In babu karaya, kuma ƙarfi bai dawo ba bayan mako 2, a yi ekografi da kan da ya dace, in an ga cikakkiyar yagewa a tura shi ga likitan ƙashi ba tare da jira ba. Wanda ciwonsa ya zo sannu a hankali kuma ƙarfinsa na nan, a fara da radiyo da kine, a ajiye IRM sai in magani ya ƙi ko ana shirin tiyata. Ta haka ba a ɗora ma iyali kuɗin tafiya da na hoton da ba zai canza magani ba.

Rigakafi ma yana da hujja. A Norwe, Andersson da abokan aikinsa sun raba manyan ƴan ƙwallon hannu 660 gida biyu, rabi na yin wani gajeren motsa kafaɗa sau 3 a mako cikin ɗumama jiki. A rahoton 2017, haɗarin matsalar kafaɗa ya ragu da kashi 28 cikin 100 ga waɗanda suka yi.

Aiki biyu muke ganin sun dace da ɗaliban da ke neman batun kundi. Na ɗaya, a ƙidaya raunin kafaɗa ga ƴan kokowa na jihohi a lokacin shirin gasar takobi da bayanta, da gwajin hannu da ekografi, a kuma rubuta kamun da ya jawo kowane rauni. Na biyu, a gwada kalmomin da muka kawo a nan ga masu horarwa da ƴan wasa a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, a ga waɗanda suka shiga kunne da waɗanda ya kamata a sake.